Kundin Aikin Rumfar Inabi Mai Jan Ciki a Rijiyar Zaki

21 ga Satumba, 2024

Damina ta fara ja da baya, saboda haka na buɗe wannan kundi domin rubuta aikin kakar bana a rumfar inabin da ke bayan gidana a Rijiyar Zaki. Itatuwa 22 ne a rumfar. Guda 14 farin inabi ne na ci, guda 8 kuma wani iri ne da ake kira Alicante Bouschet, wanda na samo rassansa shekarar bara waccan daga hannun wani dattijo mai lambu a yankin Kudan ta jihar Kaduna, inda noman inabi ya kafu. Bana ce shekarar farko da zan bar su su ɗauki 'ya'ya sosai, domin a baya ƙarfin jijiya da kaurin gindi nake nema.

Abin da ya bambanta Alikante da sauran inabi shi ne cikinsa. Yawancin baƙin inabin da ake sayarwa a 'Yanlemo, idan aka ɓare fatarsa za a tarar naman ciki fari ne ko kore-kore, launin duka a fata yake. Shi kuwa wannan, namansa da ruwansa jawur suke tun kafin a murje fatar. Wani Bafaranshe mai suna Henri Bouschet ne ya samar da shi a kudancin Faransa ta hanyar barbara tsakanin irin Grenache da irin Petit Bouschet, wanda mahaifinsa Louis ya ƙirƙira, kuma tun daga 1866 ake noma shi. A da, yawancin Turawa ba su ɗauke shi a matsayin inabi mai daraja ba. Amfaninsa a wurinsu shi ne a zuba kaɗan daga ruwansa cikin giyar da aka yi da wani iri mai kodadden launi domin ta yi duhu.

Ni ba ruwana da giya. Abin da nake so shi ne ruwan inabi na sha wanda bai tsimu ba, kuma matsalar farin inabi ita ce ruwansa yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa jim kaɗan bayan matsewa, alhali mutanen Kano idonsu ya saba da jan zoɓo. Aikin da Alikante yake yi wa wasu a Turai, wato ba da aron launi, shi nake so ya yi mini a nan. Sinadarin da ke ba shi launi dangin wanda ke cikin zoɓo ne, kuma zafin da ya haura digiri 35 yana hana inabi tara shi, sanyin dare kuwa yana taimakawa. Wannan ne ya sa dukan lissafina ya rataya a kan abu ɗaya: nunar 'ya'yan ta faɗo cikin hunturu, a tsinke kafin zafin Maris ya kankama.

28 ga Satumba

Na dakatar da ban-ruwa gaba ɗaya, na kuma sa ɗan ƙanena ya fara zage tsofaffin ganye. A ƙasashen sanyi itacen inabi yana zubar da ganye ya yi barci da kansa a lokacin ɗari, amma a nan babu sanyin da zai kwantar da shi, sai dai a tilasta masa hutu da ƙishirwa da zage ganye. Haka manoman jihar Maharashtara a Indiya suke yi, inda suke aske itacen sau biyu a shekara, a Afrilu domin ya gina rassa, a Oktoba domin ya yi 'ya'ya, kuma tsarinsu nake bi saboda daminarsu da ranin su sun yi kama da namu.

Ganyen Alikante ya sha wuya a daminar bana. Cutar nan mai sa ɗigo-ɗigon rawaya a saman ganye da farin ƙura a ƙarƙashinsa ta kama shi fiye da yadda ta kama farin inabin, kuma an san wannan iri da rauni a kanta. Duk ganyen da aka zage an ƙone shi a waje.

Gyaran rumfa: waya da bututun ƙarfe biyu daga Ƙofar Ruwa, ₦38,500. Mai walda, ₦9,000.

5 ga Oktoba

An yi aski yau, tun bayan sallar asuba har hantsi. Ba iri ɗaya aka yi wa itatuwan ba. Alikante yana fitar da nonon 'ya'ya tun daga idanun da ke gindin reshe, saboda haka an datse kowane reshe aka bar ido biyu ko uku kacal. Farin inabin kuwa idanunsa na gindi ganye kawai suke bayarwa, sai an bar reshe mai tsawo, ido bakwai ko takwas, sannan a samu 'ya'ya. Dattijon Kudan ya ja mini kunne a kan wannan tun ranar da ya ba ni rassan. Cewa ya yi, "Alhaji, wannan mai jan cikin idan ka ji tausayinsa wajen aski, zai cika maka rumfa da nonna, amma ba wanda zai nuna." Na ce, "To Baba, na ji." A kowane itace na bar idanu kusan 20.

Bayan aski an shafa wa kowane ido dakakkiyar tafarnuwa da aka kwaɓa da ɗan man gyaɗa. Manyan gonakin inabi na ƙasashen zafi suna amfani da wani sinadari mai ƙarfi domin tayar da idanu lokaci guda, sai dai guba ne mai ƙona fata, ni kuma rumfata tana cikin gida inda yara suke wasa. A Barazil an gwada ruwan tafarnuwa a madadinsa, kuma ko da bai kai shi ƙarfi ba, ba zai cutar da kowa ba. Na ambaci Barazil ne da gangan, domin a kwarin kogin São Francisco, wajen garin Petrolina, wanda kusancinsa da layin da ya raba duniya biyu, wato Ikwaita, ya ma fi na Kano, ana noman wannan Alikante ɗin da ban-ruwa. Wannan ne ya fara ba ni ƙarfin gwiwar cewa zai iya rayuwa a nan.

An feshe gindi da rassa da haɗin Bodo, wato gishirin jan ƙarfe giram 100 da farar ƙasar gini giram 100 cikin ruwa lita 10. Tsohon magani ne, tun 1885 wani masanin tsirrai na Faransa mai suna Millardet ya bayyana shi, kuma har yau bai daina aiki ba. An zuba ruɓaɓɓen kashin shanu kwano biyu a gindin kowane itace, aka yi ban-ruwa mai yawa.

Taki da kuɗin ɗauko shi, ₦14,000. Kayan feshi, ₦11,500.

12 ga Oktoba

Idanu sun fara kumbura. Ban-ruwa da yamma, kwana bibbiyu.

19 ga Oktoba

Toho ya fito, amma ba daidai ba. A jikin Alikante kusan kashi biyu cikin uku na idanun sun buɗe, kuma waɗanda ke ƙarshen reshe sun riga na gindi nisa. Sabon ganyensa yana da sirkin ja tun yana ƙarami, har jijiyoyin ganyen, abin da ba a gani a jikin farin inabin. Rashin fitowa tare zai biyo mu har ƙarshe, domin tohon da ya makara furensa zai makara, nunarsa ma haka. Na cire tohon da ya fito bibbiyu daga ido ɗaya, na bar mai ƙarfin.

27 ga Oktoba

Mako guda ke nan kusan dukan Arewa tana cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, kuma wannan ya zo daidai lokacin da itatuwan suka fi bukatar ruwa. Injin rijiyar burtsatse ya tsaya, tankin sama ya ƙafe. Da farko na tayar da janareta, amma da litar fetur ta haura ₦1,000, sai na ga cika tanki sau ɗaya yana cin abin da ya kai kuɗin cefanen yini. Na koma wajen 'yan garuwa, su ma farashinsu ya ninka, tunda masu rijiyoyin da suke saya a wurinsu da man suke tayar da inji, ga kuma layin matan aure da suka fi ni haƙƙin ruwan.

Dole ta sa na raba ruwan da ke akwai. Na ba farin inabin rabin abin da ya saba samu, Alikante kuma kashi ɗaya cikin uku, bisa la'akari da cewa a yankin Alentejo na Fotugal, inda ya fi samun karɓuwa a yau, cikin zafi da fari yake rayuwa. Sai dai can itatuwa ne masu shekaru, jijiyarsu ta yi nisa cikin ƙasa, nawa kuwa yara ne a cikin jigawa. Da rana tsaka kan tohon yana sunkuyawa, ya miƙe bayan magariba. Itatuwa biyu da ke jikin katangar yamma, inda bulo yake mayar da zafin rana, ƙananan nonnansu sun fara bushewa daga ƙasa.

Na sayo ɓuntun shinkafa buhu huɗu na shimfiɗa a gindin itatuwan da kauri domin ya riƙe laima, na kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen. Uwargida ta riƙa tara ruwan alwala da na wanke shinkafa da ganye a baho ana zubawa, banda mai sabulu.

Fetur da ruwan garuwa a wannan mako, ₦31,000. Ɓuntu, ₦6,000.

2 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, an cika tanki. An ɗaure sababbin rassa a jikin waya da tsumma, domin reshen Alikante yana saurin ɓallewa daga gindi idan iska ta kaɗa shi.

13 ga Nuwamba

Fure ya buɗe. Ba shi da kyan gani, 'yan ƙananan abubuwa ne kore masu zubar da hula, amma ƙamshinsa yana cika bayan gida da safe. Inabi ba ya jiran ƙudan zuma, kowane fure yana yi wa kansa barbara, abin da yake bukata kawai shi ne bushewar iska da kwanciyar hankali. Na dakatar da kowane irin feshi har sai ya gama, na rage ban-ruwa kaɗan. Itatuwa biyun nan na jikin katanga nonna huɗu-huɗu kawai suka tsira da su.

24 ga Nuwamba

'Ya'ya sun ɗaure, sun kai girman ƙwayar dawa. Na ƙirga nonna 131 a jikin Alikante, na rage su zuwa 96, ina barin nono ɗaya a kowane reshe mai ƙarfi, raunanan rassa kuma na bar su da ganye kawai. Ɗan ƙanena ya ga abin kamar ɓarna ce, amma itace mai shekara biyu ba zai iya nunar da duk abin da ya ɗauka ba.

Yayana ya zo duba rumfar, da ya ji tarihin irin sai ya ɓata rai. Ya ce, "Yanzu kai duk inabin duniya ba ka ga na shukawa ba sai na 'yan giya?" Na ce, "Yaya, ai dawar da muke tuwo da ita, da ita wasu suke burkutu." Bai gamsu ba, don haka bayan sallar la'asar muka tsaya wajen limamin unguwa. Malam ya ce itacen da 'ya'yansa halal ne, ruwansa ma halal ne matuƙar bai tsimu ya zama mai sa maye ba, abin da malamai suka hana shi ne mutum ya matsa da nufin giya, ko ya sayar wa wanda ya san giya zai yi da shi. Ya ƙara da cewa in kula da ajiya ƙwarai, domin ruwan inabi a ƙasar zafi ba ya jira. Wannan gargaɗi na ƙarshe shi ne ainihin aikin da ke gabana a Fabrairu, kuma na fara neman kwalabe da murafe tun yanzu.

8 ga Disamba

Hazo ya sauko, da shi kuma wata cuta ta daban. Wannan ba ta bukatar ruwan sama, a busasshen yanayi mai inuwa take yaɗuwa, tana hawa ganye da 'ya'ya kamar an barbaɗa toka. Wahalar gane ta a Kano ita ce ƙurar hunturu ta riga ta rufe komai da fari, sai mutum ya goge ganye da yatsa ya duba ko akwai tabo a ƙarƙashi, ko ya sunsuna ya ji warin rima. Na same ta a tsakiyar rumfa inda ganye ya yi cunkoso, a jikin farin inabin ta fi yawa, amma ta taɓa nonna shida na Alikante. Haɗarinta ga 'ya'ya shi ne tana taurara fata, idan ƙwayar ta ci gaba da girma sai ta tsage, ƙwari da ruɓa su shiga.

Maganinta farar wuta ce. Na sayi garinta mai narkewa a ruwa a shagon kayan noma da ke Sabon Gari, na fesa bayan la'asar sakaliya, domin idan zafi ya wuce digiri 32 farar wuta tana ƙona ganye, kuma ko a Disamba ranar Kano tana kusantar haka da azahar. Kafin feshin an rage ganyen da ke kewaye da nonna ta ɓangaren gabas domin iska da hasken safe su shiga, aka bar na yamma ya zama laima. Nonna biyu da cutar ta ci ƙarfinsu an yanke su.

Farar wuta, ₦7,500.

15 ga Disamba

An maimaita feshi. Cutar ta tsaya. An ba kowane itace ɗan takin zamani mai yawan fotash da tokar murhu, babu yuriya daga yanzu, domin ganye kawai za ta ƙara.

22 ga Disamba

Itace ɗaya na Alikante ya mutu. Tun farkon mako na ga ganyensa yana yaushi duk da ƙasar tana da laima, yau da na tone gindin sai na tarar gara ta shiga ta ƙarƙashin ɓuntu, ta bi wani tsohon rauni da ke jikin itacen, ta cinye cikinsa har ya zama kogo. Ɗaya ne daga cikin biyun da ƙishirwar Oktoba ta raunana, kuma gara ta fi samun hanya a jikin itacen da ya riga ya galabaita. An tumɓuke shi, an ƙone, an janye ɓuntun daga gindin sauran, an zuba toka da dakakken ganyen darbejiya a kewayen kowanne. Na bi sawun garar har gindin katanga, inda wani guntun katako ya daɗe a binne tun lokacin gini, shi ma an haƙe shi. Saura itatuwa 7.

5 ga Janairu, 2025

'Ya'yan sun fara juyawa. Sanyin asuba a kwanakin nan yana sauka ƙasa da digiri 15, kuma abin da na yi lissafi a kansa tun Satumba ke nan. Na tsaga ƙwaya ɗaya wadda fatarta ba ta gama rinewa ba, na tarar cikin ya riga ya yi ja, ruwan ya bar mini tabo a farce. Tsofaffin ganyen ma gefensu ya fara komawa ja mai duhu, wanda ɗabi'ar wannan iri ce idan ya ji sanyi, ba cuta ba ce.

Kamar yadda na zata, nunar ba ta zo tare ba. A itace ɗaya akwai nonon da ya yi baƙi, akwai wanda yake kore shar. An rage ban-ruwa zuwa kwana hurhuɗu, domin yawan ruwa a wannan mataki yana tsinka zaƙi, yana kuma fasa 'ya'ya.

18 ga Janairu

Tsuntsaye da rana, jemagu da dare. Tsuntsu yana huda ƙwaya ɗaya ya koma wata, rina da tururuwa su biyo ramin, jemage kuwa nonon yake tsotsewa ya tofar da fata a ƙasa, kuma da yake ruwan ja ne, kowace safiya sumuntin ƙarƙashin rumfa yana nuna inda aka yi ɓarnar dare. Ledoji masu ƙyalli da na rataya sun yi aiki na ɗan lokaci, daga baya tsuntsayen suka saba da su. Na sayo tsofaffin gidajen sauro a Ƙofar Wambai, aka wanke su sosai saboda maganin da ke jikinsu, tela ya haɗe su, muka lulluɓe rumfar har ƙasa. Nonnan da suka fi kyau an sa musu jakar takarda ɗaya-ɗaya. Asarar ta kai nonna goma sha ɗaya kafin a rufe.

Gidajen sauro da ɗinki, ₦19,000.

1 ga Fabrairu

Na ari na'urar auna zaƙi daga wani abokina malamin aikin gona. Farin inabi ya ba da sukari kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari, Alikante tsakanin 15 da 20, gwargwadon nono. A baki, Alikante ba abin marmari ba ne. Ƙwayar ƙarama ce, ƙwallayenta suna da yawa, fatar tana da kauri da bauri, zaƙin kuma ba shi da wani ƙamshi na musamman. Yaran gida sun ɗanɗana sau ɗaya sun koma kan farin.

Wannan kaurin fata shi ne ya taɓa ɗaukaka shi a Amurka. Daga 1920 zuwa 1933, lokacin da doka ta haramta sayar da barasa a can, an bar wa magidanta damar matse 'ya'yan itace a gida, sai cinikin ɗanyen inabi ya tashi, ana loda shi a jirgin ƙasa daga Kalifoniya zuwa biranen gabas irin su Niyok. Iri masu laushin fata suna ruɓewa a hanya, Alikante kuwa yana isa lafiya, ga launinsa mai jure sirki da ruwa, don haka manoma suka cika gonaki da shi. A Aljeriya ma an shuka shi da yawa zamanin mulkin Faransa, lokacin da ake jigilar giya mai duhu daga can zuwa Faransa domin gyara launin tasu, bayan samun 'yancin kai a 1962 kuma aka tumɓuke gonakin inabi masu yawa. A Sifaniya, musamman yankin Almansa, da sunan Garnacha Tintorera aka san shi. A ganina, ga mai lambu a Kano darasin Amurka ya fi amfani: inabin da ya jure tafiyar jirgin ƙasa zai jure zama a rumfa mako ɗaya ko biyu yana jiran 'yan uwansa su nuna. Saboda haka ba zan tsinke shi kashi-kashi ba, zan jira.

9 ga Fabrairu

An tsinke farin inabi, kilo 57. An raba kilo 15 tsakanin gida da maƙwabta, sauran yana cikin kwanduna a ɗaki mai sanyi, an yayyafa wa buhun algarara ruwa an rufa a kai. Zafin rana ya fara dawowa.

16 ga Fabrairu

Jiya da asuba aka tsinke Alikante, kilo 26 daga itatuwa 7, zaƙinsa tsakanin 19 da 22. Yau aka yi matsa, kuma aikin ya ci yini guda.

An tsince ƙwayoyin daga sanda, an zubar da duk wadda ta fashe ko ta ruɓe, an wanke. Kowane iri daban aka matsa shi. An murje farin da hannu a cikin baho aka tace da farin ƙyalle, aka sami lita 27. Alikante na raba shi biyu domin gwaji. Rabin farko an matse shi ɗanye, ruwan ya fito ja mai haske tun daga matsar farko. Rabi na biyu an ɗumama shi tare da fatarsa zuwa digiri 60 na kusan minti 20 kafin a tace, ya fito baƙi-baƙi, amma da bauri mai kama harshe. Ba a yi amfani da turmi ko injin markaɗe ba, domin fasa ƙwallo yana sa ɗaci. An kuma guji tukunyar baƙin ƙarfe, wadda take dusashe wannan launi, aka yi aiki da ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Jimlar ruwan Alikante lita 16.

Sai gwajin haɗi, wanda dominsa aka yi duk wannan wahala. Na jera kofuna, na sa uwargida da yayana da maƙwabcina su ɗanɗana ba tare da na faɗa musu abin da ke ciki ba. Kashi ɗaya cikin goma na Alikante ya ba da launin hoda mai kyau amma bai ɓoye ruwan ƙasar farin ba. Kashi ɗaya cikin biyar ya ba da ja sosai, ƙamshin farin inabin kuma yana nan. Da aka kai kashi ɗaya cikin uku, launin ya yi duhu, bauri ya fito, ƙamshin ya ɓace. Dukansu uku sun zaɓi ɗaya cikin biyar, daga wanda aka matse ɗanye. Zallan Alikante babu wanda ya shanye kofinsa. Yayana, wanda ya yi ƙorafi a Nuwamba, ya ce a ajiye masa kwalba shida.

Ma'anar wannan a lissafi ita ce itatuwa 7 sun yi wa farin inabi 14 yawa. Lita 7 kawai haɗin ya ci, saura lita 9.

Ba a bar ruwan ya kwana ba. Fatar inabi tana ɗauke da ƙwayoyin yis na halitta, kuma a zafin Kano cikin yini ɗaya ko biyu za su fara juya sukari zuwa barasa. An ɗora haɗin a wuta zuwa digiri 85, ana dubawa da ma'aunin zafi, ba a bari ya tafasa ba, aka ɗura shi da zafinsa cikin kwalaben da aka dafa, aka rufe, aka kwantar da su domin zafin ya taɓa murfin. Wannan hanya ce da wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya bi a 1869 ya samar da ruwan inabi marar barasa domin cocinsu, bisa binciken Louis Pasteur. Zallan Alikante da ya rage shi ma an dafa shi haka an ɗura daban.

Kwalabe, murafe, gas da ma'aunin zafi, ₦42,000.

23 ga Fabrairu

Cikin kwalabe 66 na haɗin, guda biyar sun nuna kumfa a wuya, murfinsu ya kumbura, da aka buɗe ɗaya sai ta yi tsaki. Dukansu daga cikin masu murfin roba ne, waɗanda zafi ya sassauta bakinsu iska ta shiga. Masu murfin ƙarfe babu wadda ta motsa. An zubar da biyar ɗin a kwata, sauran masu murfin roba an sake dafa su an mayar cikin kwalabe masu murfin ƙarfe. A gindin waɗanda ke cikin firji wasu 'yan duwatsu masu ƙyalli sun kwanta. Gishirin tsamin inabi ne da sanyi yake fitarwa, ba ya cutarwa, tacewa kawai yake bukata.

2 ga Maris

Jiya aka ɗauki azumi, an fara buɗe kwalaben wajen buɗa-baki. Launin bai canja ba. Uwargida ta gwada zallan Alikante cikin lemon abarba da na kankana, cokali uku a jug ya isa, kuma wannan ya samar wa lita taran nan mafita.

Abin da aka kashe daga Satumba zuwa yau ya kama ₦178,500, banda takin zamani da ladan ɗan ƙanena da kuɗin wuta. Idan aka raba shi a kan abin da aka samu, kwalba ɗaya ta fi ta kanti tsada, sai dai waya da bututu da gidajen sauro da kwalabe za su sake aiki baɗi.

Itatuwan za su huta da ɗan ban-ruwa har tsakiyar Afrilu, sannan a yi askin gina rassa, a datse kowane reshe zuwa ido ɗaya. Ba zan maye gurbin Alikanten da gara ta ci ba, farin inabi zan dasa a wurin, in ƙara wasu shida a gefen kudu, domin rabon itatuwan ya kusanci rabon da kofi ya nuna. Askin 'ya'ya na kaka mai zuwa zan matso da na Alikante zuwa makon ƙarshe na Satumba, in bar farin a farkon Oktoba, domin su nuna tare a farkon Fabrairu tun sanyi bai tafi ba, ko da yake hakan yana nufin ƙarin feshin haɗin Bodo idan ruwan ƙarshen damina ya sami sabon toho. Kafin nan akwai tanki na biyu da farantin sola na injin rijiya, waɗanda zan je jin farashinsu bayan Sallah.